Tambayar da Baba Ya Bar Mini

Daga Allah muka fito, kuma wurinShi za mu tattara gaba ɗaya. Baba ya riga mu tafiya. Surukina ne, mahaifin maigidana, tsohon ma'aikacin kwana-kwana da ya yi ritaya tun kafin a kawo ni gidan. Duk inda magana ta karkace a yi mini uzuri.

Ranar da aka kai shi, motar kwana-kwana ta shigo Ƙofar Guga ba jiniya. Ba ta iya shiga lungunmu, sai aka tsayar da ita bakin titi. Mutanen unguwa suka riƙa fitowa suna ɗaga kai sama suna neman hayaƙi, mai ƙosai har ta fara janye kaskonta. Sai da suka ga ma'aikatan sun sauko a hankali, kowa da hularshi a hannu, sannan suka gane gaisuwa aka zo.

Cikin gida mata sun cika har bakin madafa. Ni ina tsugune wajen randa ina miƙa ruwa, ina jin abin da kowa ke faɗi. Wata ta ce shi ya fiddo mahaifinta daga rijiya. Wata ta ce ita dai abin da ta sani, bai taɓa wuce ƙofar gidansu ba sai ya leƙa ya ce a ɗauke galan ɗin fetur daga kusa da murhu. Aka ɗan yi dariya, irin ta gidan makoki, wadda ake yi ana share hanci. Goggo, ƙanwar Baban, ta ce, "Rigimamme ne dai, Allah Ya jiƙan shi. Amma bai taɓa kwana da mutum a rai ba." Inna, matarshi, tana jingine da bango tana jan tasbaha.

Da la'asar wani ƙaton mutum ya yi sallama ya shigo yi wa Inna gaisuwa. Direban motar ne. Ya durƙusa nesa da tabarma, ya fara "ya muka ji da haƙuri," muryar ta ƙi kai shi ƙarshe. Da kyar ya ce, "Inna, da ba don tsohon ga ba, da 'ya'yana sun daɗe da zama marayu." Mata suka gyaɗa kai, a zatonsu daga cikin wuta ya taɓa ciro shi. Ni na san ba daga nan ba ne.

Wanda aka fi yabo a ranar kuwa maigidana ne. Shi ma ɗan kwana-kwana ne, aikin ubanshi ya gada. Duk wadda ta shigo sai ta ce, "Kun ga babban ɗan? Ko ɗigon hawaye. Wannan shi ne tawakkali." Ni kuma duk lokacin da aka faɗi haka sai in kau da kai, domin na san mutum ne da ya daɗe yana shirin barin duniya da hannunshi, kuma wanda ya gane haka ban da ni shi ne aka rufe da safe.

Shekaruna a gidan nan ba su da yawa, kuma kafin ciwon ajalinshi ban taɓa kallon Baba ido da ido ba. Surukuta ce irin ta da. In ya yi gyaran murya a zaure, na shige ɗaki. In muka yi kaciɓis a lungu, na juya na fuskanci bango na gaishe shi, ya amsa yana tafiya. Da kunne na san shi. Na san jan takalminshi, don ƙafar hagu ba ta ɗagawa sosai tun da azara ta taɓa faɗo mata a wurin aiki. Na san muryarshi in an ɗauke wuta, yana bin ɗakuna daga waje yana cewa, "A kashe komi. In za ta dawo ba sallama take ba." Turaren wuta kuwa yaƙi ne tsakaninshi da Inna tun suna da ƙuruciya. Ita ba ta iya zama ɗaki ba ƙamshi, shi kuma ba ya iya ganin garwashi kusa da labule. Ta sa kaskonta, ya zo ya tsaya bakin ƙofa da buta a hannu har sai ta gaji ta fitar. Ta ce mini wata rana, "Haka muka tsufa, ni da turarena shi da butarshi."

Abin da mutanen gari ba su sani ba shi ne aikin da yake yi a zaure. Tagar ɗakina ta baya a jikin zauren take, shi ya sa na sani.

Duk gobarar da aka rasa rai a cikinta, ko aka ciro gawa daga rijiya ko kududdufi, washegari da yamma sai Baba ya aika a kira waɗanda suka je. Ba oga ba ne kuma, ba shi da ikon kiran kowa, amma suna zuwa. Su tuɓe takalma, a shimfiɗa tabarma, a dafa shayi. Sai ya sa a sayo tsire mai zafi, wanda aka sauke yanzu, a buɗe takardar a tsakiyarsu. Ya ce bisimilla. Shi ba ya ci, haƙoranshi sun tafi. Hannuwa yake kallo. Inna ce ta fayyace mini. Ta ce mutumin da ya shaƙi abin da suke shaƙa a irin wannan aiki, in abin ya zauna mashi, ƙaurin nama ne farkon abin da yake gudu. Bakinshi zai ce lafiya lau, amma hannun ba zai miƙa ba.

Ana hira ana tsokanar juna. Ina jin su suna yi wa direban tsiya wai ya fi sanin hanyar gidan mai tuwo da ta wurin ɗibar ruwa. Shi kuma ya ce ai ba a taɓa jifan shi a gidan mai tuwo ba. In an tashi, sai Baba ya ce da wanda bai ci ba, "Kai, tsaya ka kama mini tabarmar ga." Daga nan murya ta yi ƙasa. Mi ka gani? Kana barci? Wa kake gani in ka rufe ido? Ba ya gaggawa. Can sai in ji tambayar, yadda take, ba ado: "Ka yi tunanin kashe kanka?"

Ranar da na fara jin ta sai da na yi a'uziyya. A gidanmu ko kalmar ba a faɗa. Na tambayi Inna abin da ya kai Baba ga wannan. Ta ce tun yana aiki akwai wani yaro da suke hawa mota ɗaya, mai fara'a, mai yawan waƙa. Bayan wata gobara ya canza, ba a jima ba ya kashe kanshi. Mutane da yawa suka janye jiki, wasu ma suka ce ba za su tsaya a sallarshi ba. Baba ne ya yi mashi wanka. Ya je ya ɗauko liman, liman ya ce Musulmi ne, a sallace shi, sauran na Allah ne. Ta ce da Baba ya dawo daga maƙabarta ya zauna nan bakin rijiya ya ce, "Yana kusa da ni kullum. Ya daina cin nama, na ce ciwon ciki ne. Ya ba ni takalmanshi, na ce na gode." Tun daga nan ya fara kiran mutane zaure.

Wanda ya amsa mashi da eh, ba ya yi mashi wa'azi a lokacin. Yakan ce, "To, ka hwaɗa, ka sauke rabi. Gobe ka zo da babur." Washegari ya sa babbar riga ya hau baya, su nufi asibiti wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ya san abin da ke hana maza zuwa can, tsoron kada wani ɗan unguwa ya gan su a ce sun taɓu. Don haka shi yake zama a kan benci kamar shi ne marar lafiyan. Duk wanda ya gaishe su ya ce, "Ni na zo, kaina ne ya fara tsufa. Yaron ga rakiya ya yi mini." Har yau akwai masu cewa a unguwa Baba ya ɗan samu taɓuwa a ƙarshen rayuwarshi. Ya ji, bai taɓa gyara masu ba.

Mutum ɗaya ne bai taɓa zama kan wannan tabarma ba, shi ne maigidana. Ɗan fari ne. A gidansu Baba kunyar ɗan fari ba wasa ba ce. Tun yana jariri kakarshi ta ɗauke shi, a hannunta ya girma, sai da ya zama saurayi ya dawo. Baba bai taɓa kiran sunanshi ba, bai taɓa cin abinci da shi ba. In zai yi zancenshi sai ya ce "wancan". Inna ma haka, ita ma ta fi. Ba ƙiyayya ba ce. Na sha jin Baba yana jan ƙafa zuwa bakin titi in jiniya ta wuce, ya tsaya can har sai ya ji ƙarar babur ɗin ɗanshi ta shigo lungu, sannan ya yi sauri ya koma ciki kada a gan shi. Amma in abokan aikin suka taru a zaure, maigidana sai dai ya gaishe su daga bakin ƙofa ya wuce. Ɗa ba ya zama inda ubanshi ke hira. Hannunshi bai taɓa zuwa kusa da tsiren ba, balle a ga ya miƙa ko bai miƙa ba.

Bara aka yi wata gobara da rana a wani lungu da mota ba ta shiga. Yara ne a ɗaki, tagogin kuma duk da ƙarfen da ake sawa saboda ɓarayi. Tiyon ruwan bai kai ba sai da aka yi ƙari. Jama'a suka harzuƙa suka fara jifa, suna cewa an zo a makare. Maigidana ne ke yanke ƙarfen, yana jin muryoyin yaran. Kafin ya gama, muryoyin sun ɗauke. Duk wannan daga baya na ji. A ranar abin da na gani kawai, ya dawo da goshi a fashe, ya shiga wanka ya daɗe har ruwan randa ya ƙare.

Ya ci gaba da zuwa aiki. Yana kwanciya, amma ido biyu. In na sa nama a miya sai ya ture shi gefen kwano. Da Babbar Sallah, ana fara babbakar kan rago a tsakar gida ya fita ba ko hula, bai dawo ba sai bayan magariba. Daga nan sai ya yi wani irin laushi. Ya bi 'yan'uwa gida-gida yana neman gafara, alhali ba abin da ya yi wa kowa. Ya ba maƙwabci agogonshi. Ya ba ƙanenshi takalman da ya fi so. Kowa ya ce madalla, ya zama mutumin Allah. Ni kaɗai nake kwana da shi ina jin yadda yake sauke numfashi kamar mai ɗauke da buhu.

Ba ni da kowa a Katsina. Gidanmu na Funtuwa. Na kira yayata na fara yi mata bayani, ta ce in dage da addu'a, kuma kada in kuskura in tona asirin mijina. Addu'a ina yi. Amma na ajiye wayar na ji kamar ni kaɗai ce a garin.

Goggo ce ta fara cewa ba lafiya ba. A ganinta iska ya gamu da ita a wurin gobarar. Ta zo da ƙullin magani, ta sa garwashi a kasko, ta ce ya duƙa a lulluɓe shi da zane ya shaƙa. Ya duƙa, don ba ya yi mata musu. Hayaƙin na tashi na ga yatsun ƙafarshi sun ƙanƙame ƙasa, jikinshi na rawa. Goggo ta ce, "Kun gani ko, sun fara motsi." Sai ga Baba. Ban taɓa ganin ya yi sauri irin na ranar ba. Ya yaye zanen, ya ɗauki kaskon da hannu ya yi jifa da shi bakin rariya.

"Mutumin da hayaƙi ya ci, shi za ki ƙara wa hayaƙi?"

"To kai mi ka yi mashi, Yaya?" Goggo ta ce. "Ka tara 'ya'yan mutane kana ba su tsire, naka na lalacewa cikin gida. Ni ko banza na motsa."

Maigidana na durƙushe a tsakaninsu yana tari, uban bai dube shi ba, shi ma bai ɗago ba. Goggo ta yafa gyalenta ta tafi. Washegari Baba ya bi ta har gida da goro.

Bayan wannan da 'yan kwanaki, ina wanke-wanke da hantsi, gida ba kowa, na ji jan takalminshi. Na miƙe zan shige. Ya wuce ni ya tsaya wajen turke, ya ba ni baya, yana zuba wa tunkiya dusa.

"Ke," ya ce, yana kallon tunkiyar.

"Na'am, Baba."

"Mutumin ɗakinki. Yana cin nama?"

"A'a."

"Tun yaushe?"

"Tun gobarar nan."

"Takalman da na gani ƙafar ƙanenshi, ara ya yi ko ba shi aka yi?"

"Ba shi ya yi."

Tunkiyar ta cinye dusar tana lasar kwanon, shi yana riƙe da shi bai sani ba.

"Kin san abin da nake tambayar yaran can. Tagarki ai nan take." Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya ci gaba. "Ba a kewaye. Kada ki ji an ce 'ko kana da damuwa', kowa na da damuwa. Sunan abin ake hwaɗi. Tambaya ba ta sa wa mutum abin da babu a ranshi. In ya ce eh, ba a yi mashi hwaɗa, ba a barin shi shi kaɗai, a kawar da duk abin da zai cutar da kanshi da shi, sai an kai shi ga likita. A yi addu'a, a sha magani, duka biyun."

"Baba, ni zan...?"

"A'a. Nawa ne. Ni zan yi. Na hwaɗa maki ne don ki sa ido."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da ta taɓa shiga tsakanina da shi, kuma bayanshi kawai na gani.

Ya gwada. Wannan nake so a sani, ya gwada. Da la'asar ɗin ranar ya zo ya tsaya ƙofar ɗakinmu, abin da bai taɓa yi ba. Ya yi gyaran murya. Maigidana ya fito da sauri ya durƙusa, kai a ƙasa. Ina bayan labule. Baba ya buɗe baki ya rufe. Ya dubi sama, ya dubi bango. Mutumin da ya zaunar da ƙarti ya tambaye su abin da ba a tambaya, ya tsaya kan ɗanshi yana murza gefen riga.

"Tayar babur ɗin can ta yi sanyi," ya ce. "A duba."

"To, Baba."

Ya juya. Na ji shi a zaure yana buga tafin hannunshi a bango, a hankali, ya daɗe yana yi.

Ba a rufa mako ba ya faɗi yana alwalar Juma'a. Ɓarin jiki ya shanye, magana ta ɗauke. A asibiti maigidana ne ya yi jinyarshi. Shi ke juya shi, shi ke goge mashi jiki, shi ke ɗura mashi kunu da cokali. A nan na fara ganin hannunshi a fuskar ubanshi. Idon Baba na bin shi duk inda ya yi, bakin na motsi, sauti ba ya fita. Inna ta ce kalmar shahada yake nema, sai maigidana ya duƙa ya karanta mashi a kunne. Wataƙila ita ce, Allah Ya sa ita ce. Amma ranar da na kai abinci, ina tsugune nesa da gadon, Baba ya juyo da ido ya dube ni. Karon farko ke nan. Ya dube ni, ya dubi ɗanshi, ya sake dubana, bai ɗauke ba har sai da na gyaɗa kai. Da asubar washegari ya cika.

Bayan sadakar uku maigidana ya wanke babur ɗinshi tas. Ya ce in ina so in je Funtuwa in kwana biyu in huta. Na ce ba inda za ni. Yana ninke rigunan Baba da za a bayar, sai ya yi murmushi ya ce, kamar mai zancen ruwan sama, "Ni dama shi nake jin kunya. To ga shi ba ya nan."

Na kwashe duk abin cutarwa da zan iya kwashewa daga ɗakin na kai wajen Inna, na ce mata gyara nake. Kwana na yi ina shirya kalmomin tambayar a raina, gari ya waye suka watse. Na ce wa kaina, ni wace ce? Sakandare kawai na gama. In na faɗa ya yi fushi fa? In na tuna mashi abin da ya manta fa? Sai in tuna Baba ya ce tambaya ba ta sa wa mutum abin da babu. Sai in sake jin tsoro.

Washegarin sadakar bakwai, baƙi sun watse, an naɗe tabarmi. Da hantsi ya yi wanka ya sa fararen kaya, ya ce zai ɗan fita. Na ce ina? Ya ce nan kusa. Ya tsaya yana kallon ɗakin, gado, labule, kwanukan jere, ɗaya bayan ɗaya. Na tashi na tsaya a bakin ƙofa.

"Ina da tambaya."

"Ina ji."

Wallahi abin da ya zo bakina shi ne in ce ko zai sha kunu kafin ya fita. Har na fara. A nan na gane abin da ya sami Baba, na kuma daina ganin laifinshi ko kaɗan. Na riƙe ƙyauren da hannu biyu.

"Kana tunanin kashe kanka?"

Ya dube ni kamar bai san ni ba. "Kin san abin da kike faɗi kuwa?"

"Na sani."

"Wa ya koya maki wannan?"

"Baba."

Da ya sake magana, muryar ta zama ta yaro. "Baba ya yi maganata?"

"Ya yi. Ya tambayi nama, ya tambayi takalma. Ranar da ya zo ƙofar nan, ba taya ta kawo shi ba."

Ya zauna a ƙasa da fararen kayan. Ya ce, "Ina jin shi ta tagar nan yana tambayar kowa. Na ɗauka ni bai gani ba. Ko ya gani, yana so a ce ɗanshi ba ya cikin masu buƙata."

"Ba ka amsa mini ba."

Ya sa fuska cikin tafin hannu. "Eh," ya ce. "Yau ma."

Sai kukan ya zo, wanda aka yi ta yabon shi don bai yi ba. Na Baba da na yaran nan, duka a haɗe. Ban yi mashi wa'azi ba, na dai zauna na riƙe rigarshi. Inna ta ji ta fito. Ta tsaya bakin ƙofa, ita da ba ta taɓa taka ɗakin ɗanta ba. Sai ta zauna a kan dokin ƙofa, ta miƙa hannu ta kama ƙafarshi, ta kau da kai gefe, amma ba ta saki ba. Na ce, "Inna, a kira direban nan." Ta ce, "A kira shi."

A ranar muka je asibiti. Likita ya ce ciwo ne sananne ga masu irin wannan aiki, ba hauka ba ne, ba raunin imani ba ne, kuma ana samun sauƙi. Ya ba shi magani, ya sa mashi ranakun da zai riƙa zuwa su zauna su yi magana. An ba shi hutu a wurin aiki. Direban na leƙowa kullum, su zauna ƙofar gida.

Ba zan ce ya warke ba. Akwai ranar da yake hira, akwai ranar da ba ya ɗaga labule. Ni ma ban dawo daidai ba. In ya daɗe a bayi sai in sami kaina tsaye a tsakar gida ina saurare. Na sake yi mashi tambayar bayan wannan, kuma zan sake, ya ce in riƙa yi. Ba ta yin sauƙi a baki.

Zauren kuwa shiru. Shekaranjiya jiniya ta wuce, daga baya muka ji an rasa rai. Yamma ta yi, ba wanda ya aika a kira kowa. Na zauna ƙarƙashin tagar ina tunanin waɗanda suka je, kowa ya koma gidanshi ya ce lafiya lau. Ina roƙon shugabanninsu da abokan aikinsu, kada abin nan ya bi Baba kabari. Bai kamata a ce tsoho ɗaya ne ke riƙe da shi ba. Ku kuma na cikin gida, mata da iyaye da ƙanne, wanda kuka fi jin nauyinshi shi ne aka fi saurin tsallakewa.

Na ba maigidana wannan rubutu ya karanta kafin kowa, na ce in bai yarda ba zan yaga. Ya karanta a hankali, ya daɗe a wurin tayar babur. Na ce zan iya cire inda ya amsa. Ya ce a'a, in bar shi yadda ya faɗa.

Allah Ka jiƙan Baba, Ka sanyaya mashi makwanci, shi da ya ƙare rayuwarshi yana sanyaya wa mutane. Ka karɓi abin da ya yi, Ka yafe mashi abin da ya fi ƙarfin bakinshi. An yi tambayar, Baba. Ya amsa. Yau da safe ma ya tashi, yana nan tsakar gida yana alwala.